Rage ƙiba: abincin ƙanƙara ko tukunyar gida?

Ƴan kasuwa maza da mata, musamman iyayena da yayyena mata masu wuni a rumfa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari da Dankasari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, Dumega da Gesheme. Maganarmu ta yau ta ciki ce, wato abin da muke zuba masa, da kuma wata talla da ta shigo mana gida ta wayar salula ba tare da sallama ba.

Duk mai riƙe da babbar waya ya ci karo da irinta a Facebook ko TikTok, ko a tashoshin talabijin na waje. A hoton farko za ka ga mace ta cika kujera, a na biyu ta koma kamar budurwa, a tsakaninsu kuma ga wasu ƴan kwalaye na dafaffen abinci da aka daskarar da ƙanƙara. Sai a ce maki ba daka, ba hura wuta, ba wanke tukunya, ki ɗauko kwali ɗaya daga firigo ki ɗumama ki ci, ƙiba ta zube. Kwalayen nan ba su iso rumfunan kasuwar Dutsi ba, amma labarinsu ya riga su isowa, domin masu saurare na bugo mana waya a gidan radiyo suna tambaya: shin tuwonmu ne ke sa mu ƙiba? Ko mu bar shi mu koma ma abincin Turawa? Wani Alhaji kuwa tasa tambayar daban ce, shi so yake ya ji ko akwai riba in an shigo da kayan.

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun a shekarar 2007 binciken da ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na manyan Nijar yana da hawan jini, sama da huɗu cikin ɗari kuma suna da ciwon sukari. Kowane ɗayanmu ya san wata Hajiya da a da take sauke buhu da kanta, yau kuma sai an kama ta take tashi daga kujera saboda gwiwa, ko wani mai shago da ya faɗi rana tsaka, ɓarin jikinsa ya shanye, jarin da ya tara shekara ashirin ya ƙare a kan magani. Ƙiba mai yawa, musamman ta tumbi, tana cikin manyan abubuwan da ke jawo waɗannan cututtuka. Saboda haka wadda ta ce tana son ta rage jiki ba iyayi take ba, lafiyarta da jarinta take karewa.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne: abin da ke rage ƙiba a cikin kwalin nan awo ne, ƙanƙarar ba ta da hannu a ciki. Awo kuwa, in akwai wanda ya san shi a duniyar nan, to mai riƙe da tiya da kwano a kasuwa ce.

Bari mu ga inda abin ya samo asali. A shekarar 1981 ne wani kamfanin Amurka mai suna Stouffer's, wanda ke ƙarƙashin Nestlé ɗin nan da muka sani mai Maggi da Nido, ya fito da abincin ƙanƙara na masu son rage jiki, ya sa masa suna Lean Cuisine. Dabarar ba ta da wuya: kowane kwali an auna shi bai kai kalori 300 ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kamar yadda ake auna man mota da lita. Mace matsakaiciya tana bukatar kusan kalori 2,000 a wuni. In ta ci fiye da abin da jikinta ya ƙone, ragowar ta zama kitse. In ta ci ƙasa da haka, jiki ya koma yana cin ajiyarsa. To wanda ya ci ɗan kwali da rana, ya ci ɗan kwali da dare, bai ƙara da komai ba, dole ya rame. A nan masu tallar ba su yi ƙarya ba, kuma gaskiya ko ta abokin gaba ce a faɗe ta. An yi gwaje-gwaje da suka nuna cewa abincin da aka auna aka ƙulle yana taimaka ma mutane su rage nauyi cikin ƴan watanni, saboda ya ɗauke masu wahalar yanke shawarar ko a ƙara ko kar a ƙara.

To amma sai mu tambaya, bayan ƴan watannin fa? Amurkawa sun fi shekara 40 suna cin wannan abinci. A ƙarshen shekarun 1970 kusan mutum 15 cikin 100 na manyansu ne ke da ƙiba mai yawa, a ƴan shekarun nan kuwa sun kai kusan 40 cikin 100. Ban ce kwalin ne ya sa masu ƙibar ba, amma dai bai raba su da ita ba. Su kansu kamfanonin da suka yi suna da harkar rage jiki ba su tsira ba: Jenny Craig, mai sayar ma mutane abincin da aka auna, ya rufe shagunansa a watan Mayu na 2023, WeightWatchers kuma, wanda aka kafa tun 1963, ya je gaban kotu a watan Mayu na 2025 saboda bashin da ya fi miliyar ɗaya na dalar Amurka. Ɗan kasuwa ya san ma'anar a ce masu haja na ainihi suna neman mafita, sannan a zo ana yi maka tallar ka shiga.

Akwai kuma gwaji biyu da ya kamata ku ji labarinsu. A gwajin da aka buga sakamakonsa a shekarar 2019, wani masani mai suna Kevin Hall, a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya ajiye mutum 20 a asibiti har mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, aka ce kowa ya ci iya cinsa. Da suna kan na masana'anta, sai aka ga kowannensu yana ƙara cin kusan kalori 500 a wuni ba tare da ya sani ba, cikin mako biyu suka ƙara kusan kilo ɗaya. Da suka koma ɗayan, kusan kilo ɗayan ya sauka. Na biyun a Ingila aka yi shi, aka buga sakamakonsa a watan Agusta na 2025. Mutum 55 ne, kowa ya yi mako takwas a kan abincin masana'anta irin wanda aka tsara shi daidai da shawarar likitoci, ya kuma yi mako takwas a kan girki irin na gida. Duka biyun sun sa an rage nauyi, amma girkin gida ya ninka ɗayan: kusan kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, a kan kashi ɗaya. Wato ko a ƙasar da kuran ba ya ɗaukewa, tukunya ce ta ci gasar.

Mu dawo gida Arewa, inda kuran yake ɗaukewa. Abincin ƙanƙara ana son ya zauna a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga masana'anta har zuwa ranar cinsa, mu kuma a watan Afrilu zafinmu yana wuce digiri 40 a inuwa. Daga Yamai zuwa Dutsi kawai tafiyar fiye da kilomita 270 ce, ban da nisan da kayan suka yi kafin su iso Yamai ɗin. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke amfani da ita, ba a maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Masu sayar da kifi da kajin kwali su ne za su ba da labarin asarar da aka yi a waɗannan watanni. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Da zarar abinci ya narke sai su farka su yi ta hayayyafa, in kuran ya dawo ya sake daskarewa, ido ba zai gane ba, ciki ne zai gane. Ɗanyen kifi ma da sauƙi, tunda za a tafasa shi sosai. Dafaffen abinci da aka ce ɗumamawa kawai za a yi, shi ya fi haɗari.

Sannan ga gishiri. Da yawa daga cikin kwalayen nan, ɗaya kaɗai yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na gishirin da ya kamata mutum ya ci a wuni, alhali mai neman rage jiki sau da yawa mai hawan jini ne. Batun kuɗi kuwa na bar maku lissafin, ku kuka fi ni sanin sa: kayan da aka dafa a wata ƙasa, aka biya masu jirgin ruwa da motar sanyi da kwastan da kuran, a kwatanta su da tiyar wake da aka nome a bayan gari. Kuma ita Hajiya ba ita kaɗai ba ce a gidanta. Ko ta sayi kwalinta, sai an ɗora tukunyar mutum goma sha biyar, kuma ni ban ga macen da za ta kwashe tuwo da hannunta, ƙamshin miya na bugun ta, ta koma gefe ta ci ɗan abin da bai cika tafin hannu ba har tsawon shekara. Babban aibin kwali shi ne bai koya maki komai ba. Ranar da kuɗi suka ƙare kika koma ma kwanonki, hannunki yana nan yadda kika bar shi, ƙibar kuma ta san hanyar gida.

To kada masu tukunya su yi saurin guɗa, domin a nan ne maganar za ta yi ɗaci. Hajiyoyinmu da suka yi nauyi ba abincin ƙanƙara suka ci ba, girkin gida ne da na bakin kasuwa ya kai su inda suke. Tukunyar yau ba ita ce ta kakanninmu ba, sunan ne kawai ɗaya. Su sun ci tuwon hatsi da miyar kuka ko ta guro da daddawa, man da ke ciki bai wuce a ɗiga ba, suka sha fura da nono ba sukari, sannan suka yi daka, suka ja ruwa a rijiya, suka taka da ƙafa zuwa gona. Mu kuma mun koma farar shinkafa ta buhu da taliya da burodi, injin niƙa ya karɓi turmi, kabu-kabu ya karɓi ƙafa, muka zauna a kan kujera ɗaya daga hantsi har la'asar sakaliya. Ba na kukan injin niƙa, Allah ya saka ma wanda ya ƙirƙiro shi, iyayenmu sun sha wahala. Amma wanda ya rage aiki bai rage ci ba, har ma ya ƙara, to ya san inda ragowar za ta.

Mu ɗauki mai, tunda shi ne babban ɓarawon. Lita ɗaya ta man gujiya ko na jarka tana ɗauke da fiye da kalori 8,000, wato abincin mace ɗaya na kwana huɗu. Kwata lita, wadda wasu gidaje ke juyewa a miya ɗaya ba tare da sun ji komai ba, daidai take da abincin mutum na wuni guda cur. Babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne. Ke nan wadda ta rage cokali biyu na mai a abin da ke shiga cikinta kowace rana, ta rage kusan abin da ke cikin kwalin Turawa guda, ba ta biya ko dala ba, ta ma yi tsimi. Yanzu ki tuna da wunin kasuwa: ƙosai ko fanke da safe, soyayyen dankali ko doya da hantsi, shinkafa da mai da yaji da rana, a ce ma mai abinci "ƙaro mai", da yamma yaro ya kawo tsire. Babu ɗaya daga ciki da ya fito daga firigo.

Na biyu sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 50 a wuni, wato kamar ƙwaya goma na sukarin kwali, in ma ya tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana da kusan giram 35. Ƙara da zoɓo da lemu-hari na leda, da madarar leda mai sanyi da muke sha saboda zafi, da sukarin da yanzu ake zuba ma fura da kunu. Ku kuma maza, ƴan uwana masu shago, kada ku ɓoye a bayan mata. Shayin nan da ake dafawa a ƙofar shago, na ɗaya, na biyu, na uku, safe da yamma, ku ƙirga ƙwayoyin sukarin da ke shiga butar a wuni ɗaya, sannan ku dubi tumbin da babbar riga ke rufa ma asiri. Abin sha mai zaƙi mugun abu ne a wannan fanni, domin yana shiga ba ya ƙosarwa.

Na uku dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Shi ba ya sa ƙiba kai tsaye, amma yana sa hannu ya ƙi fita daga kwano, yana kuma tayar da jini. Gishirin da aka yarda babba ya ci a wuni bai kai giram biyar ba, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin magi da burodi da kilishi. A wasu gidaje kuwa sai a jefa dunƙule biyar ko shida, a bi da gishiri, daddawar batso da ta kalwa an mai da su abin ƙauye.

Wannan laifi ban ɗora shi a kan mata su kaɗai ba. Mun san yadda abin yake. In mai bai taso saman miya ba, maigida ya ce an yi masa rowa, ko ya ce gidan wance sun fi iya girki. A gidan da ake da kishiya kuwa, ranar girki ranar gasa ce, kuma da mai da magi ake yin ta. Amarya in ta yi wata shida ba ta yi ƙiba ba, dangi su ce mijin ba ya riƙe ta da kyau. Ɗan kasuwa in ya rame, a fara raɗa cewa jarinsa ya karye. Ƙasar da ta ga yunwar 1984 da ta 2005 ba abin mamaki ba ne ta ɗauki ƙiba a matsayin shaidar rufin asiri, kuma har yanzu a karkararmu rashin abinci ya fi yawansa damun mutane, fiye da yara huɗu cikin goma a Nijar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Sai ka ga gida ɗaya, uwa na fama da nauyi, jikanta na fama da tamowa. Shi ya sa duk wadda za ta rage, ta rage a kwanonta, kada ta taɓa na yara.

Akwai hujja ɗaya ta masu abincin kwali da nake ganin ta fi sauran ƙarfi, ita ce ta lokaci. Mai fita tun da asuba ta bi motar kasuwar ƙauye, ta dawo bayan magariba, yaushe za ta tsaya gyaran ganye? Gaskiya ne. To amma wannan matsala matan Arewa sun warware ta tun kafin a haifi wanda ya ƙera firigo. Mene ne beruwa in ba abincin da aka riga aka dafa aka ajiye ba? Ba ni zan koya maku yin ta ba, ku ne masu ita, har Yamai da sunan Dutsi ake sayar da ita. Wake ne zalla, an sarrafa shi an shanya, yana yin watanni ba ya bukatar kuran, cikin ɗan lokaci kuma ya zama abinci. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake sinadarin gina jiki ne, ga shi yana daɗewa a ciki, wanda ya ci shi da hantsi ba ya neman fanke da azahar. Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, mu kuma a nan muna cikin masu noma shi. Rana da ke narkar da kwalin Turawa ita ce ke adana mana namu: busasshen zogale, kuka, guro, yakuwa, kauɗar tumatir, busasshen kifi. Sai dai ita ma beruwar, in aka nutsar da ita cikin mai har tana ƙyalli, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ga kuma lokacin sanyi, sa'ad da garake ke cika a bakin Tapkin Saw da fadamun Dallol Mawri: kabeji, salati, tumatir, karas, albasar Sukukutan, sai dankalin turawa da garinmu ya yi suna da shi. Dankalin nan dafaffe abinci ne mai ƙosarwa ƙwarai, soya shi ne ke ninka masa nauyi. Abin takaici, mai sayar da kabeji sau da yawa ita ce ba ta cin sa, ta sayar ta sayi taliya.

Yadda awon zai kasance ba wani abu ne mai wuya ba. Wadda ke son rage jiki ta fara da ware kwanonta, domin a babban tire da hannu biyar ba wanda ya san abin da ya ci. Rabin kwanon ya zama ganye ko kayan garka, kwaɗon zogale ko na tafasa ko kabeji da ɗan ƙuli-ƙuli. Kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko nama ko ƙwai. Ragowar tuwo ko dambu ko shinkafa, gwargwadon dunƙulen hannunta, ba malmala uku ba. Mai a auna shi da cokali, a daina tsiyayawa daga bakin jarka. Hatsi kada a surfe shi har ya yi fari fat, dusar nan da muke ba tumaki tana cikin abin da ke riƙe ciki. Fura a sha da nono ba sukari, a kuma san adadin ludayin, domin furar da ke riƙe manomi a kan kunya ta yi ma mai zaman rumfa yawa. A zuba abincin a kula tun da safe a tafi da shi kasuwa. Wadda Allah ya hore ma firigo mai aiki da hasken rana, ba laifi ta dafa wake ko miya ta raba kashi-kashi ta daskarar, wannan ma abincin ƙanƙara ne, amma ta san abin da ke ciki da ranar da ta sa shi. Sannan a motsa jiki, aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Tafiya daga gida zuwa kasuwa da sanyin safiya ta isa, kuɗin kabu-kabu kuma su zauna a lalita.

Wanda ke son ya san ko maganar nan da shi ake, ba sai ya hau sikelin buhu ana yi masa dariya ba. Ya samo igiya ko zare, ya auna tsawonsa daga kai zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita a wajen cibiya. In ta haɗu, da sauƙi. In ta ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Likitocin Ingila ma shawarar da suke ba mutanensu ke nan, faɗin ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Kuma kada a yi gaggawa: rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar, mai kilo 90 in ta sauke biyar zuwa tara kawai, jininta da sukarinta da gwiwarta za su shaida.

Gaggawar nan ce ke kai mutane ga abin da ya riga ya cika kasuwanninmu, wato shayin rage tumbi da ƙwayoyin da ba a san asalinsu ba. Yawancin irin wannan shayi maganin wankin ciki ne dangin filasko, ruwa yake fitarwa, kitse na nan zaune. A wasu kuma hukumomin ƙasashe daban-daban sun sha gano wani sinadari mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Abin dariya abin kuka, sau da yawa tebur ɗaya ne ke sayar da shayin ramewa a dama, da "sha ka fashe" na ƴan mata masu neman ƙiba a hagu. Mai teburin shi ko ta ina ya ci riba. Mai ciki da mai shayarwa ba lokacin rage jikinsu ba ne. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya fara zuwa likita kafin ya sauya cimarsa, don a daidaita masa maganin. Wanda kuma ya ga yana ramewa haka kawai ba tare da ya rage ci ba, ga yawan ƙishirwa da fitsari ko tari, wannan ba abin murna ba ne, ya je a auna shi.

Shi kuwa Alhajin da ke tambayar riba, da ku iyayena masu sayar da abinci a bakin kasuwa da tasha, ga inda nake ganin kasuwar take. Masu hawan jini da ciwon sukari suna nan da yawa a cikin masu sayenku, kuma kullum suna tsayawa gaban tukunyarku ba su da zaɓi. A ware masu kwano: wake ko beruwa ko dambu, kwaɗon ganye mai yawa, mai a gefe cikin ɗan kofi da cokali, mutum ya zuba da hannunsa, zoɓo kuma a yi kashi biyu, mai sukari da maras sukari. Mai ne ya fi komai cin jari a tukunya, saboda haka wannan kwano zai fi sauƙin kuɗi a gare ku. Ƙungiyoyin mata masu yin beruwa su ma su gwada ƙulla ta a ƙananan ledoji, kowace leda cin mutum ɗaya, ta yadda matafiyi da direba da mai rumfa za su saya su san abin da suka ci. Wadda ta fara yin haka a kasuwarta, ta aiko mana da saƙo gidan radiyo, za mu faɗi inda rumfarta take ba tare da ta biya kuɗin talla ba.